Lambun da ke Bayan Katanga

Litinin, da hantsi

Ban je aiki ba. Na kira mai kantin maganin da nake aiki na ce ina son hutun nan da nake ta ɗagawa, ya ce in ɗauka, bai tambaye ni dalili ba. Da ma ya tambaya. Wanda bai tambaya ba ya riga ya ji.

Dogo yana ɗaki. Makaranta ta ce ya zauna a gida har sai kwamiti ya duba maganarsa. Shekararsa sha uku, tun bara ya wuce ni tsawo, yau ga shi ya dunƙule a katifa yana kallon bango. Auta da za ta tafi makaranta ta tsaya a ƙofarsa da jakarta, ta ce me ya sa Yaya bai sa yunifom ba. Na ce ba ya jin daɗi. Ta ce, "To ki ba shi magani mana, ba ke ce mai magani ba?"

Na fita lambun da ke bayan gidanmu don kada in zauna. Kabejina duk ya yi huda-huda kamar an bi shi da ƙusa. Na juya ganye ɗaya, sai ga koriyar tsutsa kwance a jikin jijiyar, launinta ɗaya da ganyen, tana ta ci abinta. 'Yan kwanakin da ban leƙa lambun ba har sun yi gida.

Katangar da ke tsakanina da maƙwabciyata Mai ɗinki iyakarta ƙirjina. Rana ɗaya muka dasa kabejin nan, ita ta raba irin gida biyu ta miƙo min nawa ta kan katangar. Yau ban ɗaga kai na duba nata ba. Tagarta a rufe, keken ɗinkin shiru. Suna asibiti, ita da ɗanta Malam Ƙarami. Ni na laƙaba masa sunan, saboda tabarau ɗinsa da yadda yake gaishe da mutane kamar dattijo, ga shi shekara goma kacal.

Talata, bayan azahar

Babu abin da na iya yi da yara in hankalina ya tashi sai girki. Na ce yau su za su taya ni. Auta ta jawo kujera ta hau don ta kai tebur. Aikinta fasa ƙwai, kuma rabin ɓawon a cikin kwanon yake ƙarewa. Na je ƙofar Dogo na ce ya fito ya fere dankali. Ban kira sunansa ba, "kai" kawai na ce.

Ya fito ya zauna yana ferewa a hankali, ɓawon siriri kamar yadda na koya masa. Ni kuma ina juya albasa a mai ina satar kallon hannunsa. Ban san abin da nake nema ba. Hannu ne dai, yatsu dogaye irin na babansa, ga tabon da keke ya ji masa. Ina wannan kallon albasar ta ƙone.

Auta ta ce, "Mama kin ƙona." Da can Dogo ne zai fara dariya. Bai ɗago ba.

Mun ci abincin. Auta ce kaɗai ta ƙara.

Laraba, da yamma

Ban fita ba. Shara ma Auta na aika ta kai bakin ƙofa.

Alhamis, bayan magariba

Babansu ya kira daga wajen aikin hanyar da suke yi, wayar tana ta yankewa. Ya ce ba zai samu zuwa ba sai ƙarshen wata. Ya ce, "Ki daina ɗaga hankalinki haka. Yara ne, wasa ne ya wuce gona da iri." Na ce ai kai ba ka gani ba. Ya ce me zai gani. 

Maganar nan tasa ita na faɗa ranar da abin ya faru, sai dai ni ba a waya na faɗa ba. A ƙofar gidan Mai ɗinki na faɗa, da ƙarfi, har mutanen layinmu suka fito. Ta dawo ne ɗaukar wa yaron kaya za ta koma asibiti, ta tsayar da ni ta ce yaran makaranta sun ce har da Dogo. A hankali ta faɗa min, don kada wani ya ji. Ni ce na ɗaga murya. Na ce ɗana ba ya haka. Na ce ta je ta nemi wanda za ta laƙa wa. Na faɗi wasu maganganun kuma, a kan yadda take riƙon nata kamar ƙwai, da a kan ciwonsa. Ba zan rubuta su ba.

Ba ta rama ba. Ta ja ƙofa za ta kulle, makullin ya faɗi ƙasa, kusa da ƙafata. Ban sunkuya na ɗauko mata ba.

Washegari shugaban makaranta ya juyo min da wayar wani yaro a kan teburinsa, ya danna wani bidiyo.

Baki shi ke yanka wuya.

Asabar, da hantsi

Ba na son sa maganin ƙwari a abin da yara za su ci, shi ya sa na ce da hannu za mu tsince tsutsar. Tun da sanyin safiya muka fita mu uku. Na nuna musu yadda ake juya ganye, a duba ƙarƙashi, a bi inda baƙin kashinsu ya zuba. Auta da farko tana ihu tana yarfe hannu, daga baya ita ta fi kowa himma, har suna take ba su: wannan Hajiya ce, wannan mai ƙibar Alhaji ne. Tana tara su a gwangwanin madara.

Dogo yana da ido. Inda na wuce ban ga komai ba, shi sai ya ciro biyu. Yana ɗauko su da yatsa biyu, ba ya matsewa. Na lura da wannan, na kuma ji haushin kaina da na lura.

Da gwangwanin ya cika suka fara hawowa baki. Auta ta ɗora murfi ta ce, "Yaya, danne kada su fito, zan ɗebo ruwan sabulu."

Ya sa hannu a kan murfin. Bai daɗe ba ya janye kamar ya taɓa tukunya a wuta, gwangwanin ya kife, tsutsotsin suka watse a ƙasa. Ya wuce cikin gida. Auta ta dawo da ruwan tana faɗa, wai Yaya ya ɓata mata aiki.

Ni na tsuguna na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ban bi shi ba. Ya kamata in bi shi.

Lahadi, da rana

Shinkafa da miyar tumatir. Auta ta wanke tumatirin, Dogo ya yanka. Ban fita ba.

Litinin, da yamma

Albasa ta ƙare, mai ya ƙare, dole na fita. Na zaɓi lokacin da nake ganin babu kowa a shagon kan kwana, sai na tarar da mata uku a tsaye. Ina isa hirar ta mutu. Suka amsa gaisuwata da kyau, kyau ɗin da ya yi yawa. Ɗaya ta ce ya yara. Na ce lafiya lau. Ta ce, "Dukkansu?" Mai shago ya yi saurin tambayata ko albasar manya nake so ko ƙanana, Allah ya saka masa.

Ina tafe ina jin idanu a bayana. Ni da nake tsayawa bayan kanta da farar riga ina gaya wa mutane yadda za su kula da 'ya'yansu, sau nawa a rana, kafin abinci ko bayan abinci.

Na shigo na tarar da Dogo ya wanke kwanoni ba a sa shi ba. Maimakon in ce sannu, sai na ce bai ɗauraye tukunyar da kyau ba. Ya sake wankewa. Tukunyar ba abin da ta yi.

Talata, bayan la'asar

Tsutsa ta dawo, har da wasu ƙananan ƙwari da suka manne a ƙarƙashin ganyen barkono. Muka haɗa ruwan feshi: tafarnuwa da busasshen barkono a turmi, a jiƙa, a tace, a ɗiga sabulu kaɗan. Dogo yana daka, Auta tana ɓare tafarnuwa tana waƙar da ta ƙirƙira wa tsutsa, wai su tattara kayansu mai gida ya dawo. Na huda murfin gorar roba da allura mai zafi.

Na juya baya ke nan sai Auta ta murza ido da hannun barkono. Kafin in ajiye abin da ke hannuna Dogo ya sure ta ya kai famfo. Ya riƙe kanta yana zuba ruwa yana cewa, "Buɗe, buɗe kaɗan, ga ni nan, ba inda zan je." Har ta daina kuka bai sake ta ba.

Na tsaya da gorar a hannu ina kallon bayansa.

Wannan bayan nasa na gani a wayar da shugaban makaranta ya nuna min. Ban ga fuskarsa ba da farko, rigar na gane, wadda na goge masa da safen. Yana jingine da ƙofar ɗakin ajiyar kaya na makaranta, inda ake jibge karyayyun benci, ƙura ta yi musu bargo. Jakar Malam Ƙarami tana ƙasa a waje, shi kuma an kulle shi a ciki. Na san abin da ke aljihun jakar, don daga kantinmu nake kawo masa maganin shaƙar asmarsa, ni na koya masa yadda zai danna ya ja numfashi. Ana jin bugun ƙofar daga ciki. Ana jin dariya. Daga baya bugun ya ragu.

Na ce wa shugaban makaranta ya kashe. Ya ce saura kaɗan. Na ce ya kashe.

Ta yaya baya ɗaya zai yi abu biyun nan?

Laraba, da safe

Ban fita ba. Feshin ya yi aiki a barkono, kabejin kuwa sai a hankali.

Alhamis, da yamma

Na ce yau za mu dafa abin da za a kai asibiti. Ban faɗi wanda za a kai wa ba, amma Dogo ya gane. Dankali da karas da kaza, ba yaji, don yaji yana tayar wa Malam Ƙarami da tari. Dogo ne ya tuna min da haka. Ya ce, "Kuma ba ya cin albasa in ya gan ta." Ya zauna ya yanka ta ƙanana ƙanana har ta zama kamar gari. Auta ta zaɓi cinya mafi girma ta ce a sa masa a sama.

Na ɗauki kular abincin na shiga mota har asibitin. Na hau bene, na bi barandar ɗakin yara, na hango Mai ɗinki ta gilashin ƙofa. Tana zaune a gefen gado, ta cire ɗankwali tana yi masa fifita da shi. Ya rame. An cire masa tabarau, fuskar ta zama ta jariri.

Ban shiga ba. Na ba wata nas kular na ce a kai gadon da ke kusa da taga. Ta ce in ji wa? Na ce maƙwabta. Na sauko da sauri kamar wadda ta yi sata.

A gida Dogo yana jirana a bakin ƙofar kicin. Ya ce, "Ya ci?" Na ce ya ci.

Juma'a, da hantsi

Ƙanin Mai ɗinki ya ajiye kular a bakin ƙofarmu, ko ƙwanƙwasawa bai yi ba. Dogo ne ya shigo da ita. Ya buɗe, cinyar tana nan a sama yadda Auta ta sa ta. Ya dube ni. Ya kai bayan gida ya zubar, ya wanke kular.

Yanzu ya san uwarsa ma tana ƙarya.

Asabar, da yamma

Na gane inda tsutsar take fitowa. Auta tana bin fararen malam-buɗe-littafi a lambu tana tsalle, sai na ga duk daga kan katanga suke sauka. Na juya ganyen da ɗaya ya tashi a kai, ga ƙananan ƙwai rawaya a jere. Muna tsincewa a nan, ana haifar wasu a can.

Dole na leƙa. Lambun Mai ɗinki ya zama abin tausayi. Kabejin saura jijiyoyi kamar haƙarƙari, latas ya kwanta, tumatir ya faɗo daga sandunan da ta ɗaure shi. Ita da ko busasshen ganye ba ta bari ya kwana.

Na ciro tsohon gidan sauro, muka kafa sanduna muka lulluɓe namu kabejin, muka danne gefen da duwatsu. Auta ta ce kabeji zai yi barci. Dogo yana riƙe da ɗaya gefen, idonsa yana kan katanga. Ya ce, "Nasu fa?" Na ce ba gidanmu ba ne. Na faɗa da zafi, don ni ma tambayar ke cina.

Inna, mahaifiyata, ta kira. Wani ya kai mata labari. Na shirya za ta yi min faɗa, sai ta ce Dogo yana cin abinci? Na ce kaɗan. Ta ce ina yi masa magana? Na ce ina sa shi aiki. Ta ce, "Ba shi na tambaye ki ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na ce Inna ai ba ki gani ba. Ta ce, "Ke da kika gani, sai ki bar shi shi kaɗai da abin da kika gani?"

Litinin, da sassafe

Na tashi ɗora ruwan shayi, ta tagar kicin na hango kai a cikin lambun Mai ɗinki. Na ɗauka ɓarawo ne. Dogo ne. Ya haura katanga da gwangwani da gorar feshinmu, yana tsugune yana juya ganye.

Ban kira shi ba. Na tsaya bayan labule har ya gama layi ɗaya, ya ɗaure tumatir biyu da tsumman da ya yaga, ya ɗebo ruwa a famfonmu ya miƙa bokitin ta kan katanga ya bi shi. Da ya dawo ya wanke ƙafa ya koma ɗaki kamar bai tashi ba.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne, da ma wani zai gan shi ya gaya wa kwamiti. Wannan ne ya fara zuwa, kafin tausayi, kafin komai. Na rubuta don kada gobe in ce ba haka na ji ba.

Laraba, da safe

Ya sake haurawa. Jiya ma haka. Ni ina bayan labule, shi yana yi kamar bai san ina nan ba. Na bar masa sabon ruwan tafarnuwa a kan tebur, da safe na tarar da gorar babu komai.

Da rana muna dafa taliya, Auta tana karya ta tana cin ɗanya, na ce masa, "Dogo, miƙo gishiri." Ya tsaya kafin ya miƙo. Sai a lokacin na gane rabon da in kira sunansa tun ranar ofishin shugaban makaranta.

Juma'a, da hantsi

An sallamo Malam Ƙarami daga asibiti jiya da yamma, ba mu ji shigowarsu ba. Da safe Dogo ya haura kamar kullum. Ina kicin na ji ƙofar baya ta gidan Mai ɗinki ta buɗe.

Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya da buta a hannu tana kallonsa, shi yana tsugune da gwangwani. Ta dubi tumatirin da aka ɗaure, ta dubi kabejin da ya fara fitar da sabon ganye a tsakiya. Ta ce, "Wa ya ba ka izinin shigo min gida?"

Ya ce, "Babu kowa, Anti."

"Fita."

Ya miƙe zai nufi katanga. Ta ce, "Ɗauki gwangwaninka."

Ina tsaye bayan labule. Mace mai shekara kusan arba'in, a bayan labule, ɗanta yana haura katanga da gwangwanin tsutsa a hannu, ƙafarsa ta goge da bulo har jini. Ta ɗago ta dubi tagar. Na san ta gan ni. Ban motsa ba.

Asabar, bayan la'asar

Mun yi niyyar miyar kabeji, daga kai na farko da ya tsira a ƙarƙashin gidan sauron. Na aiki Dogo ya yanko. Ni da Auta muna goge karas, tagar a buɗe.

Sai na ji wata 'yar murya daga can ɓangaren. An fito da Malam Ƙarami shan iska, yana kan kujera kusa da katanga.

Ya ce, "Dogo."



Ya ƙara da cewa, "Kai ka ɗaure mana tumatir?"

"Ni ne."

"Ka ɗaure da ƙarfi. Mamana ta sassauta." Ya yi tari, ya huta. Sannan ya ce, "Ka ji lokacin da nake bugawa?"

Wuƙar ta tsaya a hannuna. A raina ina cewa ka ce ba ka ji ba, ka ce hayaniya ta yi yawa. Uwa ce ni, abin da na roƙa ke nan.

Dogo ya ce, "Na ji."

"Na kira sunanka. Na ga takalminka ta ƙasan ƙofa."

"Na ji."

"To me ya sa ba ka buɗe ba?"

 Auta ta buɗe baki za ta yi magana na rufe mata da hannu.

Dogo ya ce, "Suna kallona. Sun ce in na buɗe ni ma ɗan mama ne."  "Ba dalili ba ne. Na san ba dalili ba ne."

Malam Ƙarami ya ce, "Ni na ɗauka kai za ka buɗe."  Daga nan uwarsa ta kira shi ciki, wai iska ta yi sanyi.

Dogo ya shigo da kabejin ya ajiye a tebur, fuskarsa sharkaf. Na jawo shi. Sai da ya sunkuyo kafin kansa ya kai kafaɗata. Auta ta ce miyar fa. Na ce ta jira.

Yaro ɗan sha uku ya tsaya ya ce na ji. Ni kuwa har yau ina bayan labule.

Lahadi, da hantsi

Na je gidan Mai ɗinki. Ban ɗauki kula ba, ban ɗauki komai ba. Na bi ta ƙofar gaba, ta titi, a lokacin da mutanen layi suke waje. A nan na yi ɓarnar.

Ta buɗe, tef ɗin awo a wuyanta. Ba ta ce in shigo ba. Na ce, "Maman Malam, abin da na faɗa miki a wurin nan ƙarya ne, kuma zalunci ne. Ɗana ya yi. Ke kika rufa min asiri kika gaya min a hankali, ni na tona wa kaina. Abin da na faɗa a kan ciwon yaron nan, ban san da wane baki zan nemi gafararsa ba." Ban rage murya ba. Na ga matar gidan da ke kallonmu ta daina shara.

 Ta ce, "Kin san abin da ya fi ci min rai? Da aka kira ni daga makaranta, lambarki na fara nema. Na ce ke kika san maganinsa."



Ta ce za ta canja masa makaranta, ba ruwanta da abin da kwamiti zai yanke. Ta ce kada in sake aika abinci. Ta ce ta ji maganata, amma ji daban, hucewa daban, kada in matsa mata. Na ce to.

Na juya zan tafi ta ce, "Yaronki." Na tsaya. "Malam ya ce yana son kabejin ya rayu, ni kuma ba ni da lokacinsa. In zai zo, ba ta katanga ba. Ya zo nan ya ƙwanƙwasa, ya tsaya har a buɗe masa. In ba a buɗe ba ya koma."

Na gaya wa Dogo yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba.

Litinin, da hantsi

Zan koma aiki gobe, na riga na kira mai kanti.

Da safe Dogo ya ɗauki gwangwani da gorar feshi ya fita ta ƙofar gaba. Na fito na tsaya a bakin tamu ƙofar, a waje. Yara suna wucewa makaranta da yunifom, wasu suna nuna shi. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya ja baya.

Ana jin keken ɗinki a ciki. Keken ya tsaya, ya ci gaba.

Dogo ya tsaya har inuwar gidan ta janye daga kansa, rana ta fara dukan ƙeyarsa. Bai sake ƙwanƙwasawa ba, bai zauna ba. Ni ma ban shiga ba. Mai shago ya wuce ya gaishe ni na amsa.

Ba a buɗe ba. Ya dawo ya ajiye gorar a inuwa don kada ruwan ya lalace.

Na ce, "Gobe fa?"

Ya ce, "Zan je."